Ganin Abin da Hazo Ya Ɓoye: Tambayoyi da Amsoshi Kan Holografi da Abubuwa Masu Warwatsa Haske

Duk wanda ya taɓa yin tuƙi da sassafe a tsakiyar hunturu, ranar da hazo ya sauka sosai, ya san cewa ƙara hasken fitilar mota ba ya ƙara masa gani, sai ma ya mayar da gabansa fari fat kamar an rataya ƙyalle. Haske yana nan, har ya yi yawa, amma siffar abin da ke gaba ta ɓace. Wannan matsalar ce ke gaban likitan da ke son ganin abin da ke ƙarƙashin fata, da ɗan kwana-kwanan da ke neman mutum a ɗakin da hayaƙi ya turnuƙe. Fiye da shekara hamsin ke nan masana ilimin haske suna neman mafita ta hanyar fasahar holografi, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi taso wa mai son fahimtar inda aka kwana.

Me ake nufi da abu mai warwatsa haske, kuma me ya sa ba a gani ta cikinsa?

Shi ne abin da haske ke iya shiga cikinsa, amma ba ya samun miƙaƙƙiyar hanya, domin cike yake da ƙananan ɓarɓashi ko ɗigon ruwa waɗanda ke karkatar da shi duk lokacin da ya ci karo da su. Hazo da hayaƙi da madara da farin fenti da takarda da ɓawon ƙwai da naman jikin mutum duk suna cikin wannan rukuni.

Yana da kyau a bambanta warwatsa haske da shanye shi, kuma kofin shayi ya isa misali. Idan aka zuba ruwan bunu a kofin gilashi, ruwan yana da duhu domin yana shanye wani kaso na hasken, amma duk da haka ana hango cokalin da ke ciki har zuwa ƙasansa. Da zarar an tsiyaya madara, sai shayin ya ƙara haske a ido, cokalin kuwa ya ɓace gaba ɗaya. Ƙwayoyin kitse da na furotin da ke cikin madarar ba su cinye hasken ba, juya shi suka yi ta kowace fuska. Ido kuwa yana gane inda abu yake ne ta hanyar kusurwar da haske ya fito, saboda haka idan hasken da ya taso daga bakin cokali ya iso ido ta kusurwa dubu daban-daban, babu yadda za a yi ido ya haɗa siffa.

Mai karatu na iya ɗora ɗan yatsansa a kan tocilar waya cikin duhu. Yatsan zai yi ja wur, alamar cewa haske ya ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, amma ba za a ga inuwar ƙashin da ke tsakiya ba, ko da yake yana nan.

Nawa ne daga cikin hasken ke wucewa kai tsaye?

Kaɗan ne ƙwarai, kuma raguwarsa tana da sauri mai ban tsoro. A cikin naman jiki, matsakaicin nisan da haske ke tafiya kafin ya ci karo da abin da zai karkatar da shi bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Duk lokacin da aka ci irin wannan nisa, abin da ke saura bai karkace ba kusan kashi 37 ne cikin 100. Idan aka bi lissafin, bayan milimita ɗaya saura kashi ɗaya cikin 22,000, bayan milimita biyu kuwa saura kashi ɗaya cikin kusan miliyan 500.

Masu bincike sukan kasa hasken da ya fito ta ɗaya gefen gida uku, kamar mutanen da suka shiga kasuwa ranar cinta ta ƙofa ɗaya suna neman fita ta ɗaya. Akwai 'yan tsirarun da suka miƙe ba su gogi kowa ba, su ne kan fara fita. Akwai waɗanda suka ɗan kauce nan da can amma ba su bar hanya ba, waɗanda ayarin Robert Alfano na birnin New York ya kwatanta tafiyarsu da ta maciji. Sai mafi rinjaye, waɗanda suka yi ta zagaye har suka manta ƙofar da suka shigo, suka fito a makare. Rukuni na farko da na biyu suna ɗauke da siffar abin da aka ɓoye, na uku kuwa shi ne farin ƙyallen da ke rufe ta.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan fanni, a ganina, shi ne cewa ko hasken rukuni na uku bai yi asarar labarin da yake ɗauke da shi ba, cakuɗa shi kawai aka yi. Idan aka haska leza, wato na'ura mai fitar da siririn haske mai launi ɗaya, ta cikin busasshen farin fenti, abin da ke fitowa ɗige-ɗige ne masu haske da duhu kamar an watsa gero, kuma muddin fentin bai motsa ba, ko sau dubu aka maimaita, ɗige-ɗigen nan ba za su sauya wuri ba. Abin da ke maimaituwa daidai kuwa ana iya auna shi, abin da aka auna kuma ana iya warware shi.

Mece ce holografi, kuma me ya bambanta ta da ɗaukar hoto?

Haske igiya ce mai tudu da kwari, kamar wadda ke bazuwa a kan tafki idan an jefa dutse. Tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ita ce zangonsa, kalmar da masu sauraron rediyo suka sani daga gajeren zango da matsakaicin zango, sai dai zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700 ne, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na milimita.

Igiyar da ta iso wani wuri tana da siffa biyu. Ta farko ƙarfinta, ta biyu kuma takunta, wato ko a kan tudu ta iso, ko a cikin kwari, ko a wani wuri tsakaninsu. Kyamara da ido ƙarfin kaɗai suke ɗauka, takun kuwa yana sauyawa da saurin da babu na'urar da ke iya binsa kai tsaye. Amma a cikin takun ne labarin tafiyar hasken yake: daga wace kusurwa ya zo, kuma nisan nawa ya ci.

Dabarar holografi ita ce a raba hasken leza gida biyu. Kashi ɗaya a tura shi ga abin da ake son gani, ɗaya kuma a bi da shi ta tsaftatacciyar hanya wadda aka san tsawonta, shi ne za mu kira hasken ma'auni. Idan suka gamu a kan faifan ɗaukar hoto, inda tudu ya faɗa kan tudu sai wurin ya yi haske, inda tudu ya faɗa cikin kwari sai su kashe juna wurin ya yi duhu. Sakamakon shi ne ratsi-ratsi masu matuƙar ƙanƙanta waɗanda ba su yi kama da komai ba a ido, amma a cikinsu an rubuta takun igiyar da ta dawo daga abin. Wannan rubutu shi ne hologiram. Idan aka sake haska shi da hasken ma'auni, ko aka ba kwamfuta ta yi lissafin hakan, sai igiyar farko ta sake tashi yadda take, da zurfinta da kusurwoyinta.

Wa ya ƙirƙiro ta?

Dennis Gabor ne, haifaffen ƙasar Hangari da ke aiki a wani kamfanin lantarki a garin Rugby na Ingila, ya gano dabarar a 1947, yana neman hanyar gyara hotunan na'urar ƙara girma mai amfani da ilektron. Ya haɗa sunan ne daga kalmomin Girkanci masu ma'anar cikakken rubutu. A lokacin babu leza, da fitilar zaiba ya yi gwajinsa, hotunan kuma ƙanana ne masu dishi-dishi, saboda haka aikin ya kwanta shekaru. Bayan Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Kalifoniya a 1960, sai Emmett Leith da Juris Upatnieks na Jami'ar Mishigan, waɗanda suka fito daga binciken rada, suka karkatar da hasken ma'auni ya riƙa zuwa ta gefe, abin da ya raba hoton gaskiya da inuwar da ke ɓata na Gabor. A 1964 suka nuna hologiram na ƙaramin jirgin ƙasa na wasan yara mai cikakken zurfi. Yuri Denisyuk a Tarayyar Sobiyat ya bi tasa hanyar a 1962, Gabor kuma ya karɓi kyautar Nobel a 1971.

Komawa kwamfuta ya fara da Joseph Goodman da abokin aikinsa a 1967, amma sai a 1994 ne Ulf Schnars da Werner Jüptner a birnin Bremen na Jamus suka ɗauki hologiram kai tsaye a kan idon kyamarar dijital. Kusan duk abin da za a ambata daga nan ya dogara ne da wannan sauyi.

Ta yaya hologiram ke tsamo hasken da ya zo kai tsaye daga cikin wanda ya yi yawo?

Igiyoyi biyu ba sa haifar da tsayayyun ratsi-ratsi sai takunsu ya jitu. Akwai fitilun da takun haskensu ba ya ɗorewa sai na ɗan gajeren nisa, misali maikuromita goma, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, akwai kuma lezar da ke fitar da haske ƙyas-ƙyas a gajerun walƙiyoyi. Idan aka yi amfani da irin waɗannan, hasken da ya dawo daga abu ba zai yi ratsi da hasken ma'auni ba sai idan nisan da su biyun suka ci ya zo daidai, ko bambancinsu bai wuce wannan ɗan taƙi ba. Ke nan hasken ma'auni ya zama mai gadin ƙofa. Mai bincike zai saita tsawon hanyarsa daidai da ta hasken da ya miƙe, wanda ya fara isowa, sai shi kaɗai a rubuta a cikin ratsi-ratsin. Wanda ya yi yawo ya makara zai sauka a kan kyamarar, amma a matsayin shimfiɗaɗɗen haske marar zane wanda kwamfuta ke iya cirewa.

Nils Abramson na birnin Stockholm a Suwidin ya nuna ƙarfin wannan dabara a 1978, lokacin da ya ɗauki hoton igiyar haske tana cikin tafiya. A farkon shekarun 1990 ayarin Leith a Mishigan ya yi amfani da walƙiyar leza wadda tsawonta a iska bai wuce maikuromita 45 ba, ƙasa da kaurin yawancin gashin kai, domin ganin abubuwan da aka ɓoye a bayan kayan da ke warwatsa haske. Idan aka ƙara tsawon hanyar ma'auni kaɗan-kaɗan, sai a riƙa ganin abu hawa-hawa daga sama zuwa ciki, kamar ana yanka albasa ba tare da wuƙa ba.

Raunin hanyar a fili yake daga lissafin da ya gabata: tana zubar da kusan dukkan hasken ne ta riƙe ɗan mitsitsi, kuma a cikin nama wannan mitsitsin yakan ƙare bayan milimita ɗaya zuwa biyu.

Hazo da hayaƙi motsi suke yi. Wannan ba ya ɓata aikin?

A nan motsin taimako yake yi. Hasken da ya bugi ɗigon ruwa mai motsi takunsa yana sauyawa a cikin lokacin da ake ɗaukar hoton, saboda haka ratsin da zai yi yakan goge kansa da kansa, alhali hasken da ya dawo daga abin da ke tsaye cak yana barin ratsinsa daram. Karl Stetson ya bayyana wannan a 1967 a aikinsa kan ratsa hazo da holografi. Daga baya ayarin Pietro Ferraro a Italiya ya yi amfani da wannan hikima wajen ganin ƙananan abubuwa a cikin siraran bututu da ruwa mai gauraye da madara ke gudana a ciki: idan ruwan ya tsaya hoton ya dagule, idan ya gudana hoton ya washe.

A 2013 masu bincike na cibiyar nazarin haske ta Italiya suka nuna abin da ya fi wannan jan hankali. Sun yi amfani da leza mai zangon maikuromita 10.6, wanda ya ninka na jan haske kusan sau 17, kuma ɓarɓashin hayaƙi ba ya warwatsa shi sosai. Kyamarorin zafi da 'yan kwana-kwana ke riƙewa suna gani ta cikin hayaƙi, amma harshen wuta yana makantar da su, domin gilashinsu yana tattara hasken wutar a wuri ɗaya har ya cika idon na'urar. Hologiram ba ya bukatar gilashin tattarawa, don haka hasken wutar bazuwa yake yi a kan faifan gaba ɗaya, kuma tun da takunsa bai jitu da na hasken ma'auni ba, ba ya shiga cikin rubutun. Da haka suka ga mutum mai rai yana motsi a bayan harshen wuta.

Da gaske ne ana iya mayar da haske ta hanyar da ya fito?

Da gaske ne, kuma wannan ce hanyar da ke amfani da hasken da ya yi yawo maimakon zubar da shi. Dokokin tafiyar haske ba su bambanta zuwa da dawowa ba: duk hanyar da haske ya bi daga nan zuwa can, yana iya binta daga can zuwa nan. Idan aka rubuta hologiram na cakuɗaɗɗen hasken da ya fito daga cikin abu, sannan aka haska hologiram ɗin ta baya, igiyar da za ta tashi irin ta farko ce sak, amma tana tafiya da baya. Kowane ɓangare nata zai bi sawun da ya zo da shi, ya sake gogar ɓarɓashin da ya goga, har duka su haɗu a wurin da suka taso. Herwig Kogelnik da kuma Leith da Upatnieks sun gwada wannan da gilashi mai dishi-dishi tun tsakiyar shekarun 1960.

A 2008 ayarin Changhuei Yang na jami'ar Caltech a Amurka ya nuna cewa abin yana aiki a cikin nama, inda suka mayar da koren haske ta cikin yankan ƙirjin kaza da bai kai kaurin milimita ɗaya ba. A 2016 ayarin Lihong Wang ya kai ga naman kaza mai kaurin santimita 2.5. A yau ba a cika amfani da faifan hoto ba: kyamara ce ke rubuta hologiram, kwamfuta ta juya takun, sannan wani allo mai ɗauke da dubban ƙananan gurabe, kowanne yana iya jinkirta hasken da ya taɓa shi gwargwadon umarni, ya ƙera igiyar da za a mayar.

An ce an mayar da farin fenti kamar gilashin kyamara. Yaya aka yi?

A 2007 Ivo Vellekoop da Allard Mosk na Jami'ar Twente a ƙasar Holan suka sa irin wancan allo a gaban siririn shafen farin fenti, suka zaɓi ɗigo ɗaya a bayan fentin, suka riƙa gyara jinkirin kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya suna duba ko ɗigon ya ƙara haske. Da suka gama, dukkan hanyoyin da hasken ya bi ta cikin fentin sun iso ɗigon da taku ɗaya, ya kuma fi kewayensa haske har kusan sau dubu. Sun maimaita da ɓawon ƙwai da haƙori.

A 2010 Sébastien Popoff da Sylvain Gigan da abokan aikinsu a birnin Faris suka ɗauki mataki na gaba. Sun auna, ta hanyar holografi, irin ɗige-ɗigen da kowane salon hasken shiga ke haifarwa a wajen fita, suka tara su a babban jadawali. Da wannan jadawali a hannu, idan aka sa hoton da ba a sani ba a gaban fentin, kwamfuta tana iya karanta cakuɗaɗɗen hasken da ya fito ta dawo da hoton, kamar mai mabuɗin rubutun sirri.

Amfani mafi kusa da ya fito daga nan shi ne zaren gilashi mai kaurin gashi. Irin wannan zare yana cakuɗa haske kamar yadda fenti ke yi, amma da aka auna jadawalinsa, sai ya zama na'urar leƙa cikin jiki. Tomáš Čižmár da Kishan Dholakia sun nuna hakan a Jami'ar St Andrews ta Sukotilan a 2012, kuma daga baya an yi amfani da irin wannan zare wajen ganin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera mai rai a zurfin da na'urar ƙara girma ba ta kaiwa daga waje.

Ai a jikin mutum ba za a iya sa kyamara a ciki domin awo ba. Ina mafita?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya, domin gwaje-gwajen fenti duka sun dogara ne da samun damar zuwa bayan abin. Ana bukatar wata alama a ciki wadda za a iya gane haskenta daga waje. A 2011 ayarin Lihong Wang a birnin St. Louis na Amurka ya yi amfani da sautin da ake yin sikanin da shi a asibiti, wanda nama ba ya warwatsa shi sosai, kuma ana iya tattara shi a ɗigo ɗaya can ciki. Hasken da ya ratsa ta wannan ɗigo yakan fito da ɗan sauyi a saurin kaɗawarsa. Idan aka saita hasken ma'auni ya dace da wannan sauyi, hologiram zai rubuta hasken da ya bi ta ɗigon kaɗai, kuma idan aka mayar da shi, can zai koma ya taru.

Akwai wata hanya da ta dogara da abin da aka gano a 1988, cewa idan aka ɗan karkatar da hasken da ke shiga siririn abu mai warwatsawa, ɗige-ɗigen da ke fita matsawa kawai suke yi ba tare da sun sauya zane ba. Da wannan Jacopo Bertolotti da abokansa a Twente suka gano siffar wani ƙanƙanin abu mai ƙyalli a bayan gilashi mai dishi-dishi a 2012, ba tare da sun taɓa zuwa bayansa ba. Sai dai kusurwar da wannan ke aiki a cikinta tana ƙanƙancewa yayin da kauri ke ƙaruwa, don haka a nama mai kauri filin da ake gani ɗan mitsitsi ne.

Mece ce holografi mai haɗaɗɗen zango?

A ɗauka mata biyu suna daka a turmi biyu, ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauri. Taɓarensu za su sauka tare, sannan su saɓa, sannan bayan wani lokaci su sake haɗuwa, kuma mai saurare daga nesa zai ji wani kiɗa na uku mai jan lokaci wanda babu wadda ke yin sa ita kaɗai. Haka leza biyu masu kusancin zango suke. Idan ɗaya tana da nanomita 850, ɗaya kuma 850.5, haɗuwa da saɓawarsu na maimaituwa ne duk bayan kusan milimita 1.4, kuma wannan shi ne haɗaɗɗen zangon.

A 2021 Florian Willomitzer da Oliver Cossairt na Jami'ar Northwestern, tare da abokan aiki daga Jami'ar Southern Methodist, suka ɗauki hologiram da kowane zango daban, suka haɗa su a kwamfuta. Ƙananan karkace-karkacen da ke dagula kowace igiya ita kaɗai ba sa yin tasiri sosai a kan doguwar igiyar da aka haɗa, kamar yadda tsakuwa ke girgiza keke amma babbar mota ta wuce a kanta. Sun ga abubuwa ta cikin kayan da ke warwatsa haske, sun kuma ga abin da ke bayan kwana ta hanyar amfani da bango a matsayin madubi. Farashin da ake biya shi ne kaifin hoto: gwargwadon tsawaita haɗaɗɗen zangon domin jure warwatsawa, gwargwadon ɓacewar ƙananan siffofi.

Akwai wanda ya isa asibiti a cikin waɗannan?

Wanda ya isa ya kuma zauna daram shi ne ɗan'uwan holografi na jini, na'urar da likitocin ido ke kira OCT. James Fujimoto da David Huang da Eric Swanson da abokansu a jami'ar MIT ta Amurka ne suka bayyana ta a 1991, kuma tana aiki da dabarar mai gadin ƙofa da aka bayyana a sama. Cikin daƙiƙoƙi, ba tare da taɓa ido ba, tana nuna hawa-hawan tantanin bayan ido da kaifin 'yan maikuromita, abin da ke taimakawa wajen gano kumburin da ciwon suga ke jawowa da lalacewar jijiya a hawan jinin ido. Mutanen uku sun karɓi kyautar Lasker a 2023.

Sauran hanyoyin, musamman masu mayar da haske da baya a cikin nama mai kauri, har yanzu a ɗakunan bincike suke. Duk wanda ya ji an ce nan ba da jimawa ba wata hula mai haske za ta maye gurbin hoton ƙashi ko na'urar MRI, ya kamata ya tambaya a kan me aka gwada ta, mai rai ne ko yankan nama, kuma a zurfin milimita nawa.

Za a iya leƙa cikin ɗakin mutum ta bango da wannan fasaha?

Hasken leza ba ya ratsa bangon bulo ko na ƙasa da yawan da za a iya aunawa, kuma holografi ba ta iya dawo da hasken da bai fito ba. Tufafi wata magana ce daban: na'urorin binciken fasinjoji da ke wasu filayen jiragen sama suna amfani da lissafin holografi, amma da igiyoyi masu zangon milimita waɗanda yadi ba ya tarewa, kuma damuwar da jama'a suka nuna kan mutuncin jiki ce ta sa aka koma nuna zanen mutum-mutumi maimakon ainihin siffar fasinja.

Me ke hana a kai zurfi sosai a jiki mai rai?

Babban abokin gaba shi ne motsi. Jini yana gudana, ƙwayoyin halitta suna kai-kawo, zuciya tana bugawa, saboda haka zanen ɗige-ɗigen da ke tsayawa sa'o'i a cikin fenti yakan sauya cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa a cikin nama mai rai, wani lokaci ma ƙasa da haka. Dole a ɗauki hologiram, a yi lissafi, a saita allo, a mayar da hasken, duk kafin wannan ɗan lokaci ya wuce, in ba haka ba mabuɗin da aka yanka ya tarar an sauya kwaɗon.

Bayan wannan akwai ƙarancin haske. Jini yana shanye shuɗi da kore, ruwa yana shanye dogon zango, abin da ya rage shi ne 'yar taga daga ja zuwa ɗan abin da ke bayan ja, kusan nanomita 650 zuwa 950, kuma ba a iya ƙara ƙarfin leza yadda aka ga dama ba tare da an ƙona fata ba. Sannan yawan hanyoyin da haske ke bi a cikin nama mai kauri ya zarce yawan gurabun kowane allo nesa ba kusa ba, don haka kaso kaɗan ne ake iya sarrafawa. Na'urorin kansu ba sa jure girgiza: motsin da bai kai zangon haske ɗaya ba ya isa ya goge ratsi-ratsin, shi ya sa ake yin gwaje-gwajen a kan manyan tebura masu nauyi da ke zaune a kan matashin iska.

Shin za ta taimaka wa jiragen sama lokacin hazon hunturu?

Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana warwatsa haske kamar yadda hazon ruwa ke yi, kuma takan sa a jinkirta ko a soke tashin jirage a Kano da sauran biranen yankin. Amma saukar jirgi cikin rashin gani ta dogara ne da na'urori masu igiyar rediyo, waɗanda zangonsu ya fi ƙwayar ƙura girma nesa ba kusa ba, har ba su san tana nan ba. Gwaje-gwajen holografi da aka ambata an yi su ne a kan tebur ko a cikin ɗaki, kuma nisan kilomita daga jirgi mai gudu da girgiza wata duniya ce daban. A ra'ayina inda fasahar ta fi alkawari shi ne gajeren nisa: cikin ido, ƙarƙashin fata, cikin bututun gwajin jini, da ɗakin da ya kama da wuta.

Ɗalibi zai iya ganin wani abu daga wannan da idonsa ba tare da ɗakin bincike ba?

Zai iya, da 'yar lezar nuni irin ta malamai, muddin ya kiyaye kada ya haska ta a idon kowa ko a abu mai sheƙi da zai dawo da ita. A cikin ɗaki mai duhu ya haska ta a kan farar takarda ya duba ɗigon da kyau, zai ga yana da ƙwaya-ƙwaya masu kaifi waɗanda ke tsaye muddin hannunsa da kansa ba su motsa ba. Ya mayar da ita kan madara a cikin kofi, zai ga ƙwayoyin sun narke ɗigon ya yi sumul, domin ɓarɓashin madarar ba sa daina motsi, wato abin da Stetson ya dogara da shi ke nan. Idan kuma ya cika kofin gilashi da ruwa ya haska lezar ta gefe tana sauka a kan bango, sannan ya riƙa ɗiga madara ɗigo ɗaya-ɗaya yana juyawa, zai ga ɗigon da ke kan bango yana dusashewa yayin da ruwan kofin gaba ɗaya ke ɗaukar ja, kuma zai iya ƙirga ɗigo nawa aka yi kafin hasken da ke wucewa kai tsaye ya ɓace wa idonsa.